Aikin sabar garinmu, daga Janairu zuwa yau

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

Toh bismillah. Na ce bari in riƙa rubuta yadda aikin nan na kafa wa garinmu dandalin sada zumunta a kan sabar tamu ta kanmu, wato kwamfutar da ke riƙe da dandalin, ke tafiya saboda ni mutum ne mai mantuwa, kuma in wani zai yi irinsa a nasu garin kar ya faɗa ramin da na faɗa.

Asalin maganar guruf ɗinmu ne na WhatsApp na matasan gari, mutum ɗari da wani abu, shekara huɗu muna ciki, nan ake sanar da rasuwa da ɗaurin aure da kuɗin riɗi da ranar da za a je gyaran maƙabarta. Watan jiya wasu 'yan damfara suka kira wanda ya buɗe guruf ɗin suka ce masa wai taron ƙungiya za a yi ta intanet, ya karanto musu lamba shida da aka turo masa, shi kuma bawan Allah yana tsakiyar ban ruwa a fadama ya karanto musu. Kafin la'asar sun ƙwace akawunt ɗin sun cire sauran admin biyu sun hau bin mutane ɗaya bayan ɗaya suna roƙon kuɗi da sunansa. Shi ya dawo da nasa daga baya, guruf kuwa ya tafi kenan. Don Allah duk mai karanta wannan ya shiga saitin WhatsApp ɗinsa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya sa PIN, minti biyu ne, kuma lambar da aka turo maka ta tes ko mahaifinka ne ya kira kar ka karanto.

Ni kuma dama tun 2021 nake da wani ƙaiƙayi a raina. Lokacin da gwamnati ta rufe Twitter a watan Yuni, aka yi wata bakwai sai Janairun 2022 aka buɗe, a nan na fara jin sunan Mastodon, wani dandali mai kama da Twitter. Wani matashi ne a Jamus, Eugen Rochko, ya ƙirƙiro shi a 2016. Yadda nake yi wa mutane bayani a shago shi ne, kai mai layin MTN ai kana kiran mai Airtel lafiya lau ko? To amma mai Facebook ba ya iya bin mai TikTok daga cikin Facebook ɗinsa. Su waɗannan sun yi abin kamar layin waya, kowa na iya kafa tasa sabar da nasa mutanen da nasa dokokin, kuma duk suna jin juna saboda yare ɗaya injinan ke yi, sunansa ActivityPub. Shi ne na ce me zai hana garinmu ya samu tasa.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na so in ajiye sabar a nan shagon cajina, ga sola ga batir ga tsohuwar laftof ɗin yayana da sikirin ɗinta ya tsage amma cikinta lafiya. Kwana huɗu ina fama, daga cikin shago komai na buɗewa, da na fita na kunna datar wayata sai shiru. Ashe layukan waya ba sa ba ka adireshin intanet naka kai kaɗai, mutane da yawa ake haɗawa a bayan adireshi ɗaya, CGNAT suke ce masa, kamar gidan haya mai ƙofa ɗaya ne, kai kana iya fita amma baƙo daga waje bai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba. Akwai dabarar haƙa rami ta WireGuard ko Cloudflare Tunnel, na karanta na gane, amma da na tuna yadda sabis ke ɗaukewa a nan da yadda hazo ya rufe fanel ɗin satin nan har batir bai kai sha ɗayan dare, sai na haƙura.

Haya zan kama. Ɗan baffana da ke Kano yana da katin dala, ya biya min ƙaramar kwamfutar haya, VPS, dala 5 a wata, ni kuma na tura masa naira. Abin dariya, sabar garinmu tana zaune a Turai.

Talata, 21 ga Janairu

Mastodon ɗin kansa ya yi wa ƙaramar injin nan nauyi, yana son PostgreSQL da Redis da wasu tarkace, RAM giga ɗaya ba ta ishe shi sakewa. Sai na koma GoToSocial, wani ƙaramin madadinsa mai yare ɗaya da shi, shi fayil ɗaya ne kusan, yana aiki da SQLite, ba ya cin memori sosai, kuma da manhajojin Mastodon ake shigarsa. Abin da ba shi da shi shi ne shafin da za ka zauna kana karanta fostin ɗin waɗanda kake bi a burauza, dole sai da manhaja, mu kuwa dama kowa waya ce a hannunsa ba wanda zai damu.

Shawara ɗaya da zan ba kowa, ka zauna ka yi tunani sosai kafin ka sayi sunan yanki, wato adireshin da za a san sabarka da shi a intanet. Na sayi na .com.ng saboda shi ne mai araha kuma da naira ake biya, amma sunan da ka fara da shi da shi za ka mutu, in sauran sabobi suka san ka da shi ba a canzawa sai dai ka rushe ka sake sabon gini. Na kusa sa sunan shagona wallahi, Allah ya taimake ni na sa sunan gari.

Jiya kuma hukumar sadarwa NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50. Daidai lokacin da nake shirin ce wa mutane su ƙara wata manhaja a waya. Toh.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Yau kasuwar Gujungu, shago ya cika da masu kawo caji kafin su hau mota, na yi amfani da damar na yi wa mutum 14 rajista. Ga abubuwan da na gani.

Imel shi ne bala'in farko. Kusan kowa yana da Gmail a wayarsa amma bai san fasuwad ba, wasu ma ba su san suna da shi ba, yaron da ya saita musu wayar a Farm Centre ko a Ringim shi ya buɗe ya manta. Don haka na daina cewa kowa ya yi rajista da kansa, ni nake buɗe akawunt daga cikin sabar da hannuna in rubuta wa mutum suna da fasuwad a takarda in ce ya canza, na kuma san rabinsu ba za su canza ba. Manhajar Tusky nake sa musu a waya don shiga sabar, ta Xender nake turawa don kar a ƙona data, tana nan a Play Store da F-Droid ga mai so. Da ka buɗe ta tambayar farko ita ce wace sabar, a nan kowa ke tsayawa ya miƙo min waya, don a duniyarsu ba a taɓa tambayarsu haka ba, lambar waya kawai aka sani.

Sunan akawunt kuma ba ya karɓar ɗ da ƙ da ɓ, sai baƙaƙen Turawa zalla da lamba. Mai son ɗan'auta sai dai danauta. A cikin rubutu kam suna fita tsaf in kana da Gboard ka ƙara Hausa a ciki, ka danne k ka ga ƙ ta fito. Akwai kuma wajen zaɓar harshen fostin, Hausa na ciki, ina roƙon mutane su riƙa zaɓa.

Wani dattijo maƙwabcinmu da na sa masa ya jujjuya wayar ya ce, ɗana ina wajen da ake dannawa a yi magana? Na ce Baba babu, sai dai ka naɗi murya daban ka ɗora. Ya miƙo min ya ce cire min kayanka. Gaskiyarsa ne kuma, rabin guruf ɗinmu na da da murya ake yinsa, masu rubutun boko su ne 'yan kaɗan, wasu ajami suka iya, kuma waɗanda suka gina waɗannan manhajoji da alama ba su taɓa zama da irin Baba ba.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Mutum 31. Amma in ka shiga kamar ka je kasuwa ranar da ba ta ci, rumfuna ne kawai. Babu wani inji da ke turo maka bidiyo don ya riƙe ka, wanda ka bi shi kaɗai za ka gani kuma a jere yadda aka rubuta, ni wannan ne ya burge ni su kuma shi ne ya kore su. Wani yaro ya ce min yaya wannan ai kamar allon sanarwa ne na makaranta.

Bayan masallaci na je gaida mai gari don kar ya ji a bakin wani. Na durƙusa na ce ranka ya daɗe wani ɗan dandali ne na kafa wa matasa, namu ne na kanmu ba na kamfani ba. Ya yi shiru ya ce, to in wani ya zagi wani a ciki wa ake kawo wa ƙara? Na ce ni ne ranka ya daɗe. Ya ce in aka sa abin da bai dace ba wa hukuma za ta nema? Na ce ni ne. Ya yi dariya ya ce ashe kai ma ka zama mai unguwa ba rawani, Allah ya taya ka riƙo. Na fito ina dariya amma har na iso shago maganar na cina, don ni duk lissafina a kan RAM da batir yake, ban taɓa zama na yi tunanin wannan ɓangaren ba. Da daddare na rubuta dokoki guda biyar gajeru na liƙa a sama, ba zagi, ba hoton mutum ba da izininsa ba, ba tallan maganin ƙarya, ba jita-jitar tsaro sai an tabbatar, rigimar siyasa da ta aƙida a sa mata murfi. Murfin nan abu ne mai kyau da suke da shi, kana rubuta gargaɗi a sama sai wanda ya ga dama ya buɗe.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Wannan sai na rubuta shi da tsawo don ya dame ni.

Ƙanwata 'yar kawuna, wadda ke koyarwa a islamiyya, ita ta kawo mata shida cikin sabar, kuma su suka fi kowa rubutu. Jiya ta tsaya a bakin shago ta ce yaya tambaya gare ni, saƙon da muke tura wa juna a ɓoye a cikin abin nan naka, kana iya gani? Na so in ce a'a wallahi, don na san abin da amsar za ta jawo. Amma gaskiya ita ce ina iyawa. Ba a manhaja ba, amma rumbun bayanan yana hannuna, kuma saƙon sirri a Mastodon da GoToSocial ba a kulle yake daga waya zuwa waya ba kamar na WhatsApp ko Signal, fostin ne kawai da aka taƙaita masu gani. In ka tura wa wani a wata sabar, mai waccan sabar ma yana iyawa. Na ce mata ban taɓa dubawa ba kuma ba zan duba ba, ta ce na yarda da kai yaya amma gara wanda bai san ni ba ya riƙe sirrina da wanda muke haɗuwa a gidan suna.

Na rasa abin cewa. Duk surutun da nake yi cewa kamfanonin waje na kwashe bayananmu, ita a wajenta Bature a Amurka da bai san sunan babanta ba bai kai ni haɗari ba, ni da na san mijinta na san surukarta. Kuma ban ga ta inda zan ce ta yi kuskure ba. Masu yabon irin wannan tsari kullum cewa suke ikon ya dawo hannun al'umma, to a ƙauye al'ummar tana da fuska, ɗan wane ne, kuma gobe ana iya saɓawa da gidansu kan iyakar gona.

Na rubuta sanarwa da manyan baƙaƙe na liƙa, kar kowa ya yi maganar sirri a nan, a yi ta a WhatsApp ko Signal. Biyu daga cikin matan sun daina shiga duk da haka.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi, Allah ya karɓa mana. Ƙanena da ke karatu a Dutse ya dawo hutun kwana biyu ya ishe ni da Bluesky, wai ita ce ta zamani ni ina nan ina fama da kayan tsofaffi. Na sauke na gwada. Ba laifi, rajistarta sauƙi kamar Twitter ta da, harafi 300, ba ta tambayarka wata sabar, kuma ka iya mayar da sunan yankinka ya zama sunanka wanda ya burge ni. Amma nata yaren daban ne, AT Protocol, ba ta jin namu kai tsaye sai ta wata gada, kuma kusan kowa a injinan kamfanin yake zaune. Ga mai son hira da 'yan jarida da 'yan ƙwallo ta fi tamu nesa ba kusa ba, ga abin da nake so kuwa ba ta yi min ba.

Nostr ma na leƙa. Can babu akawunt sam, makulli biyu ne, npub na nunawa da nsec na ɓoyewa, in nsec ya ɓata ko aka sace shi babu ofishin da za ka je kuka. Na tuna mutanen da ba su san fasuwad ɗin Gmail ɗinsu ba na rufe kawai.

Threads na Meta kuma tun bara suka fara barin masu so su buɗe ƙofa a bi su daga irin sabarmu. Wasu masu sabobi sun toshe su gaba ɗaya, ni ban toshe ba tukuna.

Lahadi, 9 ga Maris

Abu ya fara motsi ta inda ban zata ba. Wani abokina dillalin hatsi duk Lahadi in ya je Gujungu yana rubuta yadda aka sayar da gero da dawa da wake da riɗi, wani kuma mai zuwa Maigatari ran Alhamis yana sa na awaki da raguna. A guruf ɗin da irin wannan saƙon kafin magariba ya nutse ƙarƙashin stika da bidiyon wa'azi ɗari, a nan kuwa yana zaune a shafin mutum, ka koma ka ga na sati uku baya ka kwatanta. Kuma ko ba ka da akawunt in an ba ka link yana buɗewa a burauza, ba hoto ba bidiyo, datar da yake ci ba ta taka kara ta karya ba, wanda da sabon farashin nan ba ƙaramin abu ba ne.

To ta ina link ɗin ke yawo? Ta sabon guruf ɗin WhatsApp, wanda aka sake buɗewa yanzu har ya wuce na da yawan mutane. Wato sabar da na kafa don mu rage dogaro da WhatsApp, WhatsApp ne ke yi mata talla. Na daina jin haushin wannan.

Na sa hoton alkamar fadama da injin ban ruwa, na rubuta bayanin hoton a wajen da aka tanada don makafi masu amfani da manhajar karanta allo, can mutanen suna ɗaukar wannan da muhimmanci sosai, in ba ka sa ba wasu ba za su yaɗa maka ba. Kafin sahur mutane daga Jamus da Faransa sun yaɗa shi, wani na tambaya da Turanci wai a Najeriya ana noman alkama? Na ce masa ya zo Haɗeja da rani ya gani.

Talata, 18 ga Maris

Sabar ta tsaya cak tun asuba. Faifai ne ya cika, ashe duk hoton da mutanen waje da muke bi suka sa tana ajiye kwafinsa, ni kuma da zumuɗi na bi mutum kusan ɗari uku. Na rage kwanakin ajiyar zuwa biyu na share tsofaffi ta tashi. Awa biyar a kashe, mutum biyu ne kawai suka kira ni, ban san ko in ji daɗi ko in ji haushi ba.

Tsoron da na ji ya sa na fara abin da ya kamata in fara tun Janairu, duk Juma'a ina kwafe rumbun bayanan da fayil ɗin saiti zuwa laftof ɗin shago da kuma filashi da nake ajiyewa a gida. A cikin rumbun nan makullan kowane akawunt suke, in ya ɓata ba fostin kaɗai aka rasa ba, sauran sabobi ma sai su ƙi gane ka.

Na kuma toshe sabar farko, wasu ne suka riƙa turo wa matanmu hotunan banza. Dannawa ɗaya duk gidansu ya ɓace daga wajenmu, wannan kam na ji daɗinsa.

Asabar, 5 ga Afrilu

An sha sallah lafiya, zafi ya sauko da ƙarfinsa, laftof ɗin shago sai na ɗora ta kan bulo biyu iska na shiga ta ƙasa. Lissafi zuwa yau, akawunt 43, masu shiga a sati ba su wuce 11 ba, masu rubutu 5 har da ni. Kuɗin haya wata uku duk daga aljihuna. Dillalin hatsin ya ce zai riƙa ba da dubu biyu duk wata tunda abokan cinikinsa na Kano sun fara duba shafinsa, na karɓa ban yi fulako ba.

Na nemi ƙanwata ta zama mai sa ido ta biyu, tana iya amsa ƙorafi, musamman na mata da ba za su iya kawo min ba. Ta ce sai ta yi shawara da maigidanta, kuma ko ta karɓa maganarta ta ranar nan tana nan ba ta janye ba. Na ce na sani.

Abin da ya rage, in rubuta duk fasuwad na sabar da na sunan yanki a takarda in sa a ambulan in kai wa yayana ya ajiye, don yanzu in babur ya kwashe ni a hanyar Ringim shi kenan an koma gidan jiya, mutum ɗaya ne riƙe da komai kamar wancan guruf ɗin. Sai laftof ɗin, ina so in sa mata Kiwix, manhajar karatu ba intanet, da Wikipedia ta Hausa ta riƙa bayarwa ta wifi ɗin shago ba data, 'yan sakandare su riƙa karantawa in sun kawo caji. Fayil ɗin sai na shiga Kano zan sauke, ran Laraba in Allah ya kai mu, dama zan sayo kan caja guda ashirin da ruwan batir.